Nazarin asusun ajiya na gidajen haɗaka a Amurka: kaya ɗaya ake sayarwa, dokar kowace jiha daban

Duk wanda ya sayi kondo a Amurka, wato gida ɗaya a cikin ginin da masu gidaje da yawa suka mallaka tare, ko gida a rukunin da ƙungiyar masu gidaje ke kula da shi, abu biyu ya saya a lokaci guda. Na farko ɗakunan da zai kwana a ciki. Na biyu kasonsa na rufin ginin, da lifta, da kwaltar wurin ajiye motoci, da bututun ruwan da ke cikin bango, da tukunyar ɗumama gida. Waɗannan na kowa da kowa ne, kuma ranar da suka mutu kowa zai sa hannu a aljihu. Akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan: su zo su ƙirga kayan, su faɗi shekarun da suka rage wa kowanne da abin da canza shi zai ci, sannan su ce ga abin da ya kamata ƙungiya ta riƙa warewa duk wata. Wannan aiki shi ne nazarin asusun ajiya, kuma shi za mu auna a nan.

Tun da wuri mu faɗi inda muka tsaya. Aikin ya ci kuɗinsa, ƙungiyar da ba ta taɓa yin sa ba kuwa lalube take cikin duhu. Sai dai abin da za a miƙo maka ya danganta da jihar da ginin yake, domin babu dokar tarayya a kan batun. Wata jihar ta tilasta nazarin ta kuma tilasta tara kuɗin. Wata ta tilasta nazarin ta bar maganar kuɗi a hannun kwamitin gudanarwa. Wata ko ambatonsa ba ta yi ba. Kamfanoni sun san haka sarai, sun kuma san kwamitoci da yawa ba abin da suke nema sai takardar da za ta fitar da su daga hannun doka, a kan farashi mafi sauƙi.

Masu yin aikin kashi uku ne. Akwai manyan kamfanoni masu rassa a jihohi da dama, irin su Association Reserves da aka kafa a Kalifoniya a 1986, da Reserve Advisors na birnin Milwaukee da ya fara a 1991. Akwai na yanki, kamar Miller Dodson da ke Annapolis a jihar Merilan. Sai ofisoshin injiniyoyi da ke haɗa wannan da duba lafiyar gini. Manyan sun fi tsari, rahotonsu ya fi sauƙin karantawa, kuma bankuna sun saba da shi. Na yanki sun fi sanin abin da ɗan kwangilar garin ke caja a yau. Injiniyoyi sun fi tsada amma su ke ganin abin da sauran ba sa gani. Shaidar ƙwarewa biyu ce aka sani: RS, wadda CAI, cibiyar ƙungiyoyin masu gidaje, ke ba wanda ya yi aƙalla nazari 30 cikin shekara uku, da PRA ta APRA, ƙungiyar masu wannan sana'a. Ma'aunin da kusan kowa ke bi na CAI ne, an fitar da shi a 1998, aka sabunta a 2023.

Abin da ake miƙo maka

Mataki uku ake sayarwa. Na ɗaya shi ne cikakken nazari: ma'aikaci ya zo da kansa, ya auna rufi, ya ƙirga tagogi da fitilu, ya ɗauki tsawon shinge da faɗin kwalta, ya karanta lambar shekara a jikin tukunyar ɗumama da injin lifta, ya ɗauki hotuna. Na biyu sabuntawa ce da ziyara, inda ba a sake aune-aune sai dai a duba yadda kayan suka tsufa. Na uku sabuntawa ce daga ofis, ba wanda zai tako ƙafarsa, sai a gyara farashi da shekaru bisa abin da manajan gini ya faɗa. Akwai kuma na huɗu, domin ginin da ba a gama ba. Na farko ga ƙaramin rukuni yakan ci dala dubu kaɗan, dogon bene kuwa yana iya haura dubu 10. Na uku wani ɓangare ne kaɗan na wannan kuɗi, shi ya sa kwamitoci ke sonsa fiye da kima.

Lissafin da ke ciki ba shi da wuya, kuma ya kamata kowane mai gida ya iya shi. Mu ɗauki ginin da ke da gida 40 mu sa masa kaya huɗu kawai don misali. Rufi zai ci dala 240,000, rayuwarsa shekara 20, ya yi 15. An cinye kashi uku cikin huɗu na rayuwarsa ke nan, saboda haka ya kamata a ce akwai dala 180,000 a ajiye da sunansa. Fentin waje dala 60,000, ana yi duk shekara 6, an yi shekara 3 da yi: 30,000. Kwalta dala 90,000, rayuwa shekara 25, ta yi 10: 36,000. Sabunta lifta dala 150,000, rayuwa shekara 30, ta yi 18: 90,000. Idan aka haɗa, cikakken asusu zai kama dala 336,000. In abin da ke banki 84,000 ne, ƙarfin asusun kashi 25 cikin 100 ke nan. Ma'aunin da aka saba da shi a sana'ar ya ce ƙasa da 30 asusu ne mai rauni, daga 30 zuwa 70 matsakaici, sama da 70 mai ƙarfi. Giɓin wannan gini dala 252,000 ne, wato 6,300 a kan kowane gida, bashi ne da ba a rubuta a takardar cinikin kowa ba.

Akwai lamba ta biyu da ta fi wannan amfani a wurin tsara kasafi, wato abin da kayan ke lalacewa duk shekara. Rufin 12,000, fenti 10,000, kwalta 3,600, lifta 5,000, jimla 30,600. A raba wa gida 40 da wata 12, kowa zai biya kusan dala 64 a wata. Wannan ba cike giɓi ba ne, tsayawa wuri ɗaya ne kawai. A riƙe lambar nan, za mu dawo kanta.

Daga nan rahoton zai shimfiɗa jadawali, yawanci na shekara 30, ya ba da shawarar abin da za a riƙa zubawa. Burin iri uku ne. Akwai na ƙasa-ƙasa, wanda ba ya neman komai sai kada asusu ya kai sifiri. Akwai na tsaka-tsaki, inda ake sa iyakar da ba za a sauka ƙasa da ita ba. Akwai na cikawa zuwa 100. Na ƙasa-ƙasan yana da kyau a takarda, amma rufi ɗaya ya mutu shekara biyu kafin lokacinsa, shi ke nan an faɗa karo-karon gaggawa.

Filorida

A nan dokar ta fi tsauri, kuma kowa ya san dalili. Ranar 24 ga Yuni 2021 ginin Champlain Towers South da ke Surfside, mai hawa 12 da gida 136, ya rufta, mutum 98 suka rasu. An gina shi a 1981. Tun 2018 injiniya ya rubuta cewa shimfiɗar hana ruwa da ke ƙarƙashin farfajiyar wurin ninƙaya ta mutu kuma kankaren da ke ƙasanta ya yi mummunar lalacewa. Nazarin asusu na 2020 ya nuna akwai kusan dala 706,000 a ajiye alhali abin da ya kamata ya haura miliyan 10, ƙasa da kashi 7 cikin 100 ke nan. Sai a 2021 aka amince da karo-karon kusan dala miliyan 15. Abin lura ga mai sayen wannan aiki shi ne nazarin ya faɗi gaskiya. Dokar jihar ta wancan lokaci ce ta ba masu gidaje damar kaɗa ƙuri'a duk shekara su yafe wa kansu zuba kuɗin ajiya, kuma gine-gine da yawa sun shekara da shekaru suna yin haka don kuɗin wata ya zauna ƙasa.

Majalisar jihar ta yi doka a Mayun 2022, ta yi mata gyara a 2023, da 2024, da 2025. Yanzu duk kondo mai hawa uku zuwa sama dole ya yi wani nazarin asusun ajiya na musamman a kan ƙarfin gini da ake kira SIRS, sannan a maimaita duk shekara 10. Wa'adin farko ƙarshen 2024 ne, aka ɗaga zuwa 31 ga Disamba 2025. Doka ta jero abin da zai ƙunsa: rufi, ginshiƙai da bangon da ke ɗauke da nauyi, kayan kariyar gobara, bututun ruwa, wayarin lantarki, shimfiɗar hana ruwa da fentin waje, tagogi da ƙofofin waje, da duk wani abin da gyaransa ya haura wani adadi kuma lalacewarsa za ta shafi waɗannan. Adadin da dala 10,000 ne, gyaran 2025 ya kai shi 25,000. Duban ido sai injiniya, ko mai zanen gini mai lasisi, ko mai shaidar RS ko PRA. Kuɗin waɗannan kaya ba a yafe shi da ƙuri'a kuma, ba a kuma karkatar da shi zuwa wani aikin.

Kuskuren da ake yawan yi a nan shi ne ɗaukar SIRS a matsayin cikakken nazari. Ba ya ƙirga kujerun zauren baƙi, ko kafet ɗin hanya, ko injinan motsa jiki, ko shafen wurin ninƙaya. Ƙungiyar da ta sayi SIRS kaɗai ta cika doka, amma wani ɓangare na kayanta na nan ba a lissafa ba. Kamfani mai kyau zai yi ziyara ɗaya ya fitar da jadawali biyu, na kayan SIRS daban, na sauran daban, domin kuɗin ma tukunya biyu ne. Wanda bai kawo maganar jadawali na biyu ba, a tambaye shi dalili.

Kuskure na biyu shi ne haɗa SIRS da binciken cikar shekaru. Shi binciken aikin injiniya ne ko mai zanen gini, ana yi wa gini mai hawa uku zuwa sama idan ya cika shekara 30, ƙaramar hukuma na iya cewa 25 saboda kusanci da ruwan gishiri, daga nan kuma duk shekara 10. Zango na ɗaya da ido ake yi. In an ga lalacewa mai yawa sai a shiga zango na biyu, inda ake iya fasa kankare a duba tsatsar rodi. Tsarin da ya dace shi ne a fara wannan binciken, sannan a ba mai nazarin asusu sakamakon. In aka juya, jadawalin zai fito babu gyaran da ya fi kowanne tsada. Gyaran 2025 ya ɗan sassauta: ana iya cike asusun da lamuni ko karo-karo idan masu gidaje mafi rinjaye suka yarda, ana kuma iya dakatar da zubi har kasafi biyu don a fuskanci gyaran da binciken ya gano. Ya kuma ce wanda ya zo neman aikin bincike, in yana da niyyar neman kwangilar gyaran, ya bayyana a rubuce. Wannan sharaɗi ya kamata kowace ƙungiya a kowace jiha ta sa a yarjejeniyarta ko da doka ba ta ce ba. Duk wannan kuma na kondo ne da gidajen haɗin gwiwa. Rukunin gidaje masu zaman kansu da ke ƙarƙashin babi na 720 na dokokin jihar bai shiga ciki ba.

Kalifoniya da maƙwabtanta

Kalifoniya ta riga Filorida da shekaru masu yawa, amma wata hanya ta bi. Sashe na 5550 na dokar Davis-Stirling, dokar gidajen haɗaka ta jihar, ya ce a yi duban ido aƙalla sau ɗaya cikin shekara uku, a sake bitar lissafi duk shekara, muddin darajar manyan kayan ta kai rabin kasafin ƙungiya. Kayan da ake ƙirgawa su ne waɗanda rayuwar da ta rage musu ba ta kai shekara 30 ba. Dole a aika wa kowane mai gida taƙaitaccen bayani a kan fom ɗin da doka ta tsara, tare da rahoton kasafi, kwana 30 zuwa 90 kafin ƙarshen shekarar kuɗi. Amma dokar ba ta faɗi kason da asusu zai kai ba. Ƙungiya na iya zama a kashi 12 cikin 100, ta rubuta haka ɓaro-ɓaro, kuma ba ta karya doka ba. Ba ta kuma ce sai mai wata shaida ne zai yi nazarin ba.

Abin da ke ɗaure hannun kwamiti a can wani sashe ne daban: ba zai ƙara kuɗin wata da fiye da kashi 20 cikin 100 a shekara ba, ko ya sa karo-karon da ya haura kashi 5 na kasafi, sai da ƙuri'ar masu gidaje, in ba halin gaggawa ba. Saboda haka jadawalin da ya ce a ninka zubi bana ba shi da amfani in bai nuna yadda za a hau a hankali cikin wannan iyaka ba. Cire kuɗi daga asusun sai da sa hannun mutum biyu, aron da aka yi daga ciki kuma a mayar cikin shekara ɗaya. Ga kuma dokar baranda, wadda ta biyo bayan karyewar wata baranda a Berkeley a Yunin 2015 inda mutum shida suka mutu. Barandar kondo da ke kan katako, sama da ƙafa shida daga ƙasa, dole injiniya ko mai zanen gini ya duba ta kafin 1 ga Janairu 2025, sannan duk shekara tara, kuma a shigar da sakamakon cikin nazarin asusu. Rahoton Kalifoniya da bai ambaci wannan ba tsoho ne ko da jiya aka buga shi.

Nebada ta fi ta riƙe ragama. Nazari duk shekara biyar, bita duk shekara, mai yin sa sai wanda ke da rajista da hukumar kula da harkar gidaje ta jihar, in ban da ƙananan rukunai a gundumomin karkara. Ana aika wa hukumar taƙaitaccen sakamako cikin kwana 45 bayan kwamiti ya amince da shi. Dokar ta ce a tara isasshen kuɗi, ta kuma ba kwamiti ikon sa abin da nazarin ya nuna ba tare da jiran ƙuri'a ba. Yuta akasin haka ce: nazari duk shekara shida, sabuntawa duk uku, amma kashi 51 cikin 100 na masu gidaje na iya soke layin ajiya daga kasafi cikin kwana 45. Jihar Washinton na son sabuntawa duk shekara, da ziyarar ƙwararre duk shekara uku, kuma rahoton ya nuna hanyar ƙasa-ƙasa da hanyar cikawa gefe da gefe, abin da muke ganin ya fi kowane tsari taimaka wa mai karatu. Zubin kansa dai an bar wa ƙungiya. Oregon na neman bita duk shekara haɗe da tsarin kula da kaya. Hawayi ta sa lamba: a tara aƙalla rabin abin da aka ƙiyasta, ko a bi jadawalin shige da ficen kuɗi na shekara 30 a cika shi tsaf.

A gabas, Bajiniya ta daɗe da nata, duk shekara biyar da bita duk shekara. Merilan ta fara da gundumomin Prince George's da Montgomery, ta game jihar a Oktoban 2022. Sabuntawa duk shekara biyar, mai yi sai injiniya, ko mai zanen gini, ko mai RS ko PRA, ko wanda ya yi nazari 30 cikin shekara uku, kuma dole kasafi ya hau zuwa abin da nazarin ya ce. An fara ba da shekara uku a kai can, kuka ya yi yawa, aka mayar biyar a 2025. Niyu Jasi ta sa hannu a tata a Janairun 2024, duk shekara biyar da jadawalin shekara 30, haɗe da duba ƙashin gini. Tenesi ta shigo a 2023 ga kondo.

Jihohin da suka yi shiru

'Yan uwanmu da yawa da ke zaune a Amurka suna Niyu Yok, da Teksas, da Jojiya ne, kuma babu ɗaya cikin ukun da ta tilasta nazarin a faɗin jiha. Birnin Niyu Yok na da dokar duba bangon waje na ginin da ya haura hawa shida duk shekara biyar, amma wannan ba lissafin ajiya ba ne. Kolorado ta ce ƙungiya ta rubuta manufarta a kan nazarin, ba ta ce ta yi ba. Majalisa ta zartar da ƙudurin tilastawa a 2022, gwamna Jared Polis ya ƙi sa hannu. Ilinoi ta ce a ware ajiya daidai gwargwado, kashi biyu cikin uku na masu gidaje kuma na iya yafewa. Mishigan ta ce kondo ya riƙe aƙalla kashi 10 cikin 100 na kasafin shekara.

Wannan kashi 10 ya zama tarko a ko'ina, domin Fannie Mae da Freddie Mac, kamfanonin da ke sayen kaso mai yawa na bashin gidaje daga bankuna, sun daɗe suna amfani da shi a matsayin mafi ƙarancin abin da kasafi zai ware. Kwamitoci suka mayar da shi buri. A koma ga ginin misalinmu. In kasafinsa dala 200,000 ne, kashi 10 dala 20,000 ke nan, alhali kaya huɗu kawai suna cin 30,600 a shekara. Banki ya gamsu, doka ta gamsu, giɓi na ƙaruwa da fiye da dala 10,000 duk shekara. Bayan Surfside kamfanonin biyu sun daina karɓar bashin gida a ginin da ke da babban gyaran da ba a yi ba, saboda haka ko a Teksas ɗin ma ginin da ya yi sakaci kan wayi gari masu gidajensa ba sa iya sayarwa sai ga mai kuɗi hannu, shi kuma ba ya saye da daraja. A irin waɗannan jihohi shawararmu a ɗauki tsarin Washinton da kai: cikakken nazari sau ɗaya, ziyara duk shekara uku, gyaran lissafi a tsakani.

Inda aikin ke ɓaci

Mafi girman rauninsa shi ne da ido ake yi. Mai nazari ba ya fasa bango, ba ya sa kyamara cikin bututu, ba ya gwada ƙarfin kankare, kuma yarjejeniyarsa ta faɗi haka. Bututun ƙarfe na bahaya a ginin shekarun 1970 na iya ruɓewa daga ciki rahoto na cewa komai lafiya, ko ma a bar shi gaba ɗaya a ce rayuwarsa ta ginin ce. Ma'aunin 2023 ya matsa a riƙa ambaton irin waɗannan kaya masu doguwar rayuwa. Ginin da ya haura shekara 30 ya biya a duba bututunsa da wayarinsa daban, a miƙa wa mai nazari rahoton.

Sai farashi. Kamfanin da ya ɗauko lambobi daga kundin farashin ƙasa ba tare da kiran ɗan kwangilar gari ba yakan yi ƙasa, musamman a bene, inda hayar injin ɗaga kaya da sikafodi da kuɗin izinin gini kan ƙara nauyi sosai. A tambaya a ga tushen manyan lambobi biyar. Hauhawar farashi ma haka: rufin dala 240,000 bayan shekara biyar zai kai kusan 278,000 in an sa kashi 3 a shekara, kusan 306,000 in an sa kashi 5. Bambancin dala 28,000 a kan abu ɗaya, kuma wannan zato a ƙaramin layi yake a shafin da ba kowa ke karantawa ba.

Akwai kuma maganar wa ke da alhakin me. Tagogi, baranda, ƙofar gareji da na'urar sanyaya ɗaki, a wani ginin na ƙungiya ne, a wani na mai gida. Takardar kafa ƙungiya ce ke raba gardama, kuma mai nazari ba lauya ba ne. In kwamiti bai ba shi amsa a rubuce ba zai yi zato, zato ɗaya a kan tagogi 300 kuwa na iya karkatar da lissafin baki ɗaya.

Wanda ya fi ban haushi daga kwamiti yake fitowa. Ana aiko daftari, lambar ta yi zafi, sai a fara roƙo: a ƙara wa rufi shekara biyar, a cire lifta tukuna, a sa ƙaramin zubi yanzu babba bayan shekara goma. Kamfani nagari zai ce a kawo hujja, kamar rahoton mai gyaran rufi, in babu ya bar lambarsa ya nuna ta kwamiti a gefe da suna. Mai son a sake kiransa baɗi zai gyara ba musu. Alamar da ake gane irin wannan rahoto ita ce jadawalin da ke kwance a shekaru ukun farko sannan ya miƙe tsaye, daidai lokacin da wa'adin 'yan kwamitin zai ƙare. Araha ba ta ado, kuma sabuntawar ofis da aka jera shekara shida ba ziyara tana cikin wannan sahu, domin manaja ne ke ba da labarin lafiyar kayan da aka ɗora masa kula da su.

Manhajar yi-da-kanka ta isa ga rukunin gida goma sha wani abu da ba su da komai sai titi da shinge da allon suna, a jihar da ba ta gindaya shaidar ƙwarewa ba. A Nebada, Merilan, ko SIRS na Filorida ba za ta karɓu ba, kuma duk ginin da ke da lifta ko gareji na ƙarƙashin ƙasa bai kamata ya gwada ba ko a ina yake.

Kafin ma'aikacin ya zo a haɗa masa takardar kafa ƙungiya, da nazarin baya, da kasafin bana, da ainihin abin da ke asusun ajiya ranar farkon shekarar kuɗi bayan an cire bashin da ake bin ƙungiya da kuɗin aikin da aka riga aka ba da kwangilarsa, da rasiɗan manyan gyare-gyaren shekarun baya, da rahoton kowane injiniya. A tanadi mabuɗin rufi da ɗakin injuna, a sa wanda ya daɗe yana gyaran ginin ya zagaya da shi. A ba da aikin wata huɗu zuwa shida kafin lokacin kasafi, domin daga tsakiyar shekara kamfanoni kan cika. A yarjejeniya a rubuta sashen dokar jihar da rahoton zai cika, da zagaye ɗaya na gyara kyauta, da zama da masu gidaje don bayani, da jadawalin a fayil ɗin da za a iya canza lambobinsa.

Mai shirin sayen kondo kuwa, ya nemi nazarin kansa ba taƙaitaccen bayani ba. Ya duba ranar ziyarar ƙarshe, da ƙarfin asusu cikin 100, da ko zubin da ke kasafin bana ya yi daidai da wanda rahoton ya ba da shawara, da manyan ayyukan da ke tafe cikin shekara biyar. Sannan ya karɓi bayanan zaman kwamiti na shekara guda ya karanta, domin a nan ake fara maganar karo-karo watanni kafin ta bayyana a takardar da ake ba mai saye.